Jinaidu Mai Keken Nama da San Watanda

Jinaidu barunde ne, ɗan rundawa, wato mahautan Sakkwato, kuma a Ƙofar Kware aka yanke masa cibi. Ubansa bai taɓa mallakar ko akuyar yanka ba, sana'arsa dakon nama. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar naman wani babban mahauci, Alhaji Bawa, daga kwata zuwa duk inda aka ce a kai, da fari a ka, daga baya a bayan keken hawa, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa cewa ga tsokar da ta ɓata ko ta yi wari a hannunsa ba. Gadon da ya bar wa Jinaidu ke nan: wannan suna, sai wata wuƙar fiɗa mai ƙotar ƙaho wadda wasi ya cinye har ta zama siririya kamar ganyen albasa.

Jinaidu ya gaji dakon, ya gaji Alhaji Bawa, ya kuma ƙara da iya fiɗa, har ana cewa in ya feɗe sa ba ka samun huda ko ɗaya a fatar. Mutum ne mai fara'a da saurin gaisuwa. Aibinsa ɗaya, kuma matarsa Ashatu ce ta fi kowa saninsa: ba ya mantuwa. In ka taka shi yau zai yi maka murmushi, ya tambaye ka lafiyar iyali, amma ya ajiye ka a wani lungu na zuciyarsa, ko bayan shekara nawa ne.

Da babur yake aikinsa har lokacin da aka janye tallafin mai, fetur ya zama sai wane da wane. Nan ya sayar da babur ɗin, ya haɗa da abin da Allah ya hore, ya sayi keken kaya mai ƙafa uku, mai buɗaɗɗen baya, irin wanda ke aiki da batir. Rundawa suka yi ta yi masa tsiya, suka sa masa suna keken aljanu, don ba ya ƙara ba ya hayaƙi. Awakin unguwa ma ba sa jin zuwansa, sai da ya ɗaura masa ƙararrawar keken ubansa. Bai damu da tsiyar ba, tunda masu yi masa dariyar su ke kwana a layin gidan mai.

Sai dai keken aljanu ma yana da cikin da za a cika. Wutar gwamnati kuwa baƙuwa ce a Ƙofar Kware, in ta leƙo kafin ka nemo waya ta koma. A duk wannan ɓangaren na gari wuri ɗaya ne tak mutum zai kai abin hawansa ya yi caji, wato rumfar Malam Sodangi a unguwar Gidan Dahala. Akwai wani wurin can ƙarshen gari, amma kafin ka je ka dawo ka ƙona kashi ɗaya cikin uku na abin da ka ɗura.

Malam Sodangi tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Da ya ajiye aiki sai ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, ya jera farantan sola a kanta, ya fitar da soket shida. Ba a raba shi da farar riga da hankici. Duk sanda keken Jinaidu ya shigo, hankicin nan zai hau hanci, a nuna masa soket na ƙarshe, na bakin kwalbati, wai kada ƙudaje su dami mutane. Jinaidu kan wanke kekensa tas kafin ya zo, amma bai taɓa musu ba. A wannan ƙarshen ne ma Inna Rahmatu mai fura take zama a inuwar farantan, tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tare suka yi tallar ƙuruciya da mahaifiyar Jinaidu. Kullum sai ta ƙara masa ludayin nono ba tare da ya roƙa ba.

Yawan wankin nan ne ya jawo masa. Ruwa ya shiga ɗan gilashin da ke nuna yawan caji, ya mutu murus. Jinaidu bai gyara ba, don ya riga ya san cikin kekensa: in ya jona da hantsi, kafin kiran azahar ya cika fal. Wata takwas yana auna caji da rana da ladan, ko sau ɗaya lissafin bai ba shi kunya ba.

Wata Alhamis cikin bazara, irin zafin nan da kwalta ke laushi, Alhaji Bawa ya ba shi aiki babba. Ana biki a garin Kware, an yi odar sa guda, za a yanka da hantsi a kai kafin la'asar. Jinaidu ya jona kekensa, ya faɗa wa Sodangi cewa yau tafiyar nesa gare shi da amanar mutane, don Allah a sa masa ido.

"Tahi abinka," in ji Sodangi ta bayan hankici. "Shina hannuna."

Ya hau kabu-kabu ya tafi kwata, ya taya fiɗa da sara. Da aka kira azahar ya dawo, ya iske waya jone yadda ya bar ta. Ya zare, ya je ya loda nama da ɗuminsa cikin buhuna, ya rufe da leda saboda ƙura, ya kama hanya. Ya wuce gada da kaɗan ke nan, a wani fili da ko inuwar kare babu, keke ya yi sanyi, ya ja jiki, ya tsaya.

Da ya san caji ne ya ƙare, da nan take ya kira a kawo mota. To amma a saninsa batir cike yake, don haka ya ɗauka zafi ne ya yi masa yawa, kamar yadda ya taɓa yi masa sau ɗaya. Ya cire rigarsa ya rufa wa batir, ya zauna jiran ya huce. Ya murɗa, shiru. Ya ƙara jira. Da la'asar ta gabato ya fara turi, yana tsayar da motoci, amma wa zai saka buhunan da ke ɗigar jini cikin fasinja? Sai da ya ga ba sarki sai Allah sannan ya kira Alhaji Bawa. Kafin akori-kura ta iso daga gari, ta kai naman Kware, rana ta yi ja. Matan gidan biki suka kwance buhun farko, suka ja da baya. Naman ya dahu a cikin leda, jikin ƙashi ya yi kore.

Alhaji Bawa bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Washegari a kwata, gaban kowa, ya dube shi ya ce, "Ubanka bisa kai shika ɗaukar namana, ko sau guda bai sa an riƙe man hanci ba." Daga ranar ya ba wani dakon. Jinaidu ya koma ɗaukar ƙashi da ƙafafu na masu ƙaramin ƙarfi, sunan da ubansa ya yi shekara talatin yana ginawa ya rushe a yini ɗaya.

Mai gyara ya duba batir ya ce lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai ta kashe shi. Jinaidu ya rasa yadda aka yi, har sai da Inna Rahmatu ta kira shi gefe. Ta ce abin ya hana ta barci. Ranar nan bayan tafiyarsa surukin Sodangi ya zo, wani darakta mai sabuwar mota ta lantarki, motar kuwa tana shan wutar keke huɗu. Sodangi ya zare wayoyin da masu su ba sa wurin, ya ba motar. Da ya ji an fara gyaran lasifikar masallaci sai ya yi wuf ya mayar da wayar Jinaidu, kamar ba a taɓa ta ba. Da idonta ta gani.

Jinaidu ya miƙe ya je gaban Sodangi, ya tambaye shi cikin ladabi ko haka aka yi. Masu keke biyar na zaune. Sodangi bai ko musa ba.

"To, sai mi? Baƙo nay yi na girma. Nama na hwa, ba mutum ba. Kuma barunde da wari ai ba yau anka saba ba."

Mutum biyu suka yi dariya. Jinaidu ma ya yi murmushi, ya ce Allah ya huci zuciyar Malam, ya koma ya zauna a bakin kwalbatinsa. Wanda bai san shi ba sai ya ce kai, wannan bawan Allah akwai haƙuri. Ashatu kuwa da ta ji labarin, ta kuma ji cewa murmushi ya yi, sai ta san maganar ba ta mutu ba.

Wata biyu ya rage a yi babbar salla, Jinaidu kuma ya yi amfani da kowace rana. Ya zama shi ne mai fara gaida Sodangi. Ran Juma'a ya kawo masa hanta a ƙunshe, wani makon ya kawo tozo. Da ƙura ta rufe farantan sola, shi ya hau tsani ya goge. Sodangi ya ɗauka barunde ya san matsayinsa ne, har ya fara sauke hankici in suna magana. A cikin hirar ne ya faɗi abin da Jinaidu ke jira: bana shi ne uban watanda. Mutum bakwai sun haɗa kuɗi za su yi layya da sa guda, har da surukinsa darakta da wasu tsofaffin abokan ofis, kuma komai a hannunsa yake, daga saye har rabo.

Jinaidu ya raka shi kara, ya zaɓar masa bajimin sa fari, mai tozo kamar tulu, ya hana dillalai su cuce shi. A hanyar dawowa ya ce kada Malam ya wahalar da kansa neman mai fiɗa, shi zai yi, kuma ba ya son ko sisi. Kowa a Sakkwato ya san ba a fafe gora ranar tafiya: mai fiɗa tun saura mako uku ake kama shi, ranar salla ko da kuɗinka ba ka samun wanda zai dube ka. Sodangi ya ji kyauta, ya sallami wanda ya saba yi masa.

A cikin kwanakin nan ne Inna Rahmatu ta gaya masa, tana dama fura tana washe baki, cewa bana in Allah ya yarda ita ma za ta yi layya, karon farko tun rasuwar mijinta. Shekara goma sha ɗaya ana aiko mata da nama, bana ita za ta aika. Jinaidu ya ce Allah ya karɓa, ya kai ludayi baki. Hankalinsa na can kan san da ke ɗaure a ƙofar gidan Sodangi, bai tambaye ta tunkiya ce ko akuya ba.

Ana gobe salla Ashatu ta ga bai wasa gatari ba, ta ga kuma ya ƙi karɓar aikin kowa sai ragunan maƙwabta. Ta tsare shi, ya faɗa mata komai, don bai iya yi mata ƙarya ba.

"Jinaidu, layya ta hwa. Ibada ta."

"Da an zub da jini layya ta yi," ya ce. "Saura nama na, ba mutum ba."

Ta tuna masa cewa ramin mugunta gajere ake gina shi. Ya ce ya auna, daidai tsawon Sodangi ne. Ta ƙyale shi, don wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Duk ɗan rundawa ya san ba a sa wa sa wuƙa sai mai fiɗa na tsaye a kansa, musamman a irin zafin Sakkwato. Ma'aikacin ofis bai san haka ba. Da aka sauko idi, liman ya yanka, Sodangi ya kira waya. Jinaidu ya ce su kayar su yanka, ga shi nan bisa hanya. Suka taru da ƙartin unguwa suka kayar da sa a filin gaban rumfa, inda rana ta fi faɗa, aka yi bisimilla aka yanka. Ƙartin suka watse, kowa ya nufi ragon gidansu.

Jinaidu kuwa yana Ƙofar Kware. Ya feɗe ragunan maƙwabta huɗu, ya feɗe nasa, ya buɗe shi ya soke a kan tsinkayen itace aka jera a bakin wutar tareni, yadda ake gasa raguna sukutum a bakin titi har washegari. Ya wanke hannu ya zauna a gindin dogon yaro da waya a cinya. Duk kiran da Sodangi ya yi sai ya ɗauka, don ya san in ya ƙi ɗauka za su nemi wata dabara. Ƙarfe goma ya ce ga shi nan. Sha ɗaya ya ce saura rago guda. Sha biyu ya ce ya taso. Bayan azahar, da Sodangi ya fara roƙo, ya ce masa caji ne ya ƙare masa bisa hanya, amma yana jira batir ya huce. Ya kashe wayar ya yi dariya har da hawaye. Daɗi ya ji, daɗi na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar Kware.

Sai da ya yi sallar la'asar sannan ya hau keke. Bai kaɗa ƙararrawa ba, don haka ba wanda ya ji zuwansa sai ganinsa suka yi a tsakiyarsu. Abin da ya tarar ya wuce yadda ya zana. Sa ya kumbura, ƙafafu sun miƙe sama. Da jira ya ishe su, masu watanda sun ɗauko wuƙaƙen girki sun ce za su gwada, wani tsohon akanta ya soka wuƙa ya fasa tumbi, abin ciki ya malale kan naman. Ƙudaje sun yi baƙi. Darakta na tsaye nesa da babbar rigarsa a hanci. Sodangi kuwa farar rigarsa ta zama abin da ta zama, hankicin ma ya faɗi cikin jini bai sani ba.

"Kai da kac ce caji ya ƙare?" in ji Sodangi, yana duban keken.

"Ƙila wani na yaz zare man waya, yam maida," Jinaidu ya ce.

Ya juya wajen darakta ya gaishe shi da girmamawa, ya ba shi labarin ranar Alhamis ɗin nan tun daga hantsi har faɗuwar rana, da ƙarfi yadda maƙwabtan da suka taru za su ji. Ya ce motar ranka ya daɗe ce ta sha cajin, amma ba laifinsa ba ne, shi ma bai sani ba. Sannan ya dubi Sodangi.

"Kak ka damu, Malam. Nama na hwa, ba mutum ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Darakta ya shiga motarsa ya tafi bai yi wa surukinsa sallama ba. Jinaidu ya ji wani ƙulli da ya yi wata biyu a ƙirjinsa ya kwance. Ya juya zai hau kekensa, sai idonsa ya faɗa can ƙarshen rumfa, wajen soket na bakin kwalbati.

Inna Rahmatu ce zaune a inda ta saba, amma ba ƙwaryar fura. Sabon zane ne a jikinta, gabanta robobi biyu wankakku da marufansu, da ƙullin ledoji da ta tanada don rabo. Tun safe take wurin. Ya ƙirga mazan watandan da ke tsaye, ya haɗa da wanda ya tafi, ya samu shida. Ita ce ta bakwai.

Bai san sanda ya zaro wuƙar ubansa ba. Ya durƙusa cikin ƙazantar nan ya shiga aiki kamar mahaukaci, yana neman abin da zai tsira. Ya ceci wuya, ya ceci tozo da ɗan abin da ke saman karfata. Cinyoyi da haƙarƙari sun riga sun tafi. Da aka kasa bakwai, kason kowa bai rufe gindin roba ba. Inna Rahmatu ta ɗauki nata, ta sa robar cikin ɗaya robar, ta mayar da ledojinta ƙugu, ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba.

Washegari da safe, da aka sauke tareni, ya ɗauki ragonsa sukutum, ko ƙafa bai cire ba, ya sa a keke. Ashatu ce ta miƙo masa tsabtataccen buhun shimfiɗawa. Ya yi sallama a ƙofar Inna Rahmatu, ta fito, ta dubi ragon, ta dube shi. Ya durƙusa ya rantse mata bai san tana ciki ba. Ta ce ta sani, ai bai tambaya ba.

"Maida ma ɗiyanka," ta ce. "Naman mutane na ci shekara sha ɗaya, ba shi nika nema ba. Nawa nis so in aika gidaje, a ce na Rahmatu na. Ni na hwaɗa maka gaskiya, kai ko ka ba ni rabona."

Ta saki labule. Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi ya koma da ragon.

Yanzu Jinaidu can ƙarshen gari yake zuwa caji, kashi ɗaya cikin uku na ƙonewa a hanya. Ya gyara gilashin nan, ba ya ƙara auna caji da ladan. Alhaji Bawa bai neme shi ba, don a wajen rundawa wanda nama ya lalace a hannunsa bisa kuskure ana iya yafe masa wata rana, wanda ya lalata da gangan kuwa sai a hankali. Sodangi na nan da rumfarsa, amma ba wanda ya ƙara ba shi riƙon watanda, kuma har yau masu keke in za su bar abin hawansu sai su ce da juna, da ƙarfi don ya ji, a sa ido kada a zare.

In ka tambayi Jinaidu ko ya yi nadama, zai ce maka kashi shida cikin bakwai ko a gaban alƙali zai maimaita, kuma har ransa yake faɗa. In ka tambaye shi na bakwai sai ya ce rana ta yi, yana da kaya a kwata. Ya daina shan fura, kuma in aiki ya kai shi Gidan Dahala ta bayan layi yake zagayawa.